JAWABIN TARON ƘUNGIYA: KUƊIN HUKUMA, JUJI DA RUMBU



Muna gaida dattawanmu, masu gari da masu unguwanni, da limamai, da sarakunan noma. Muna gaida iyayenmu mata. Muna yi wa ƴan'uwanmu ƴan bida barka da sauka, na Kano da Ikko da Abuja, na Damagaram da Yamai, na Agadas da Arlit, har da waɗanda suka ƙetaro hamada daga Libiya da Aljeriya. Waɗanda ba su sami zuwa ba kuwa, wannan takarda za ta iske su inda suke. Wanda ya iya karatu ya karanta wa ɗan'uwansa.

Kwamiti ya ɗora mana mu yi magana yau a kan juji. Mun san wani zai ce a ransa, ashe don shara aka tara manya haka? To, a gafarce mu. Ku ne kuka koya mana cewa babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa nan yake zubawa. Yau mun kwaso tamu mun kawo muku. Kuma kowane manomi a nan ya san in an noma wurin da tsohon juji ya zauna, geron wurin ya fi na ko'ina duhu da kauri. Maganar tamu kashi uku ce: takin da ke kwance cikin jujinmu, da abincin da ke lalacewa bayan mun sha wahalar noma shi, da kuɗin hukuma da za a iya nema domin gyaran waɗannan biyun.

HALIN DA ƘASARMU TAKE CIKI

Tsauni ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi tara na gundumar Kance. A ƙidayar 2001 an sami mutum kusan 250,000 a wannan gunduma. A ƙidayar 2012 an sami kusan 400,000. Tun daga lokacin kuma haihuwa ba ta tsaya ba. Jama'a ta ƙaru, gona kuwa tana nan yadda take. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke rabonsa, har gamanar mata ma ta fara gagara a gidaje da yawa.

Dattawa sun san abin da ya riƙe ƙasar nan a da. Akwai saura: a noma gona shekaru, a bar ta ta huta. Akwai makiyaya: bayan kaka su sauka da shanunsu a gonar mutum su kwana, ya ba su dami, su bar masa taki. Akwai kara da ake bari a kwance, gara ta ci, iska ta tara masa ƙasa. Yau saura ta ƙare. Kara ya zama kuɗi, ana kwashe shi tas tun kafin raɓa ta bushe, a ɗora bisa itace ko a kai kasuwa. Saboda haka kowace shekara muna ɗiba daga gona, abin da muke mayar mata bai kai rabin abin da muka ɗauka ba. Rijiya ma in ana ja ba ta tsatsa, wata rana guga zai taɓa ƙasa.

Manya sun ga zamanin gyaɗa, lokacin da SONARA ke awo, gidan mai na Matamaye yana aiki. Sun ga farin 1973, da kuturtar gyaɗa ta 1975 wadda ta karya wannan arziki. Sun ga yunwar 1984 da ake kira El-Buhari. Mu ma mun ga 2005 da 2010. Akwai kuma abin da ba ma son tunawa, amma dole mu faɗa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su, mafi yawansu mata da yara, mafi yawansu kuma daga wannan gunduma tamu suka tashi. Allah ya jiƙan su. Dalilan da ke fitar da mace da goyo zuwa wannan tafiya suna da yawa, amma babbansu shi ne rumbu ya ƙare tun kafin tsakiyar rani. Wannan shi ya sa muka ce maganar juji ta isa a tara manya.

TAKIN ZAMANI SHI KAƊAI BA YA ISA

A taron shugabannin Afirka na Abuja a 2006 an ce manomin Afirka kilo 8 kaɗai yake zubawa a hekta, aka yi alkawarin kai shi kilo 50 kafin 2015. Shekarar ta zo ta wuce, alkawari bai cika ba. A nan ƙasar, a da, shekaru da dama hukumar CAIMA ta riƙa sayar da buhu mai rangwame jika goma sha uku da rabi, ga wanda ya samu. Daga 2021 zuwa 2022 kuɗin taki ya hau a duniya duka, yaƙin Rasha da Yukren ya ƙara masa wuta. Mu kuma da muke dogara da kasuwannin ƙetaren iyaka, irin su Mai'aduwa da Daura, mun ga an rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta daga Agusta 2023 har Maris 2024. Duk lokacin da aka yi haka, buhu sai ya fi ƙarfin talaka.

Ba mu ce a bar takin zamani ba. Masu binciken gona na ICRISAT a Sadore da na INRAN sun nuna cewa ɗan kaɗan ma yana aiki, in an sa shi a gindin shuka maimakon a watsa. Giram 6 na takin 15-15-15 a kowane rami, watau abin da yatsu uku za su tsinka sau biyu ko murfin kwalbar lemo. In hekta tana da rami 10,000, kilo 60 ke nan, buhu ɗaya da ɗan ƙari. Amma jigawarmu rairayi ce. Ruwa na sauka ya wuce ƙasa da takin, kamar an zuba fura a rariya. Abin da ke riƙe ruwa da abincin shuka a gindin gero shi ne ruɓaɓɓen takin gida. Takin zamani yana ciyar da shukar bana, takin gida yana gyara ƙasar har baɗi da baɗin baɗaɗa. In an haɗa su biyun, buhu ɗaya sai ya yi aikin da ba zai yi shi kaɗai ba.

Ƴan'uwanmu na Kano shaidu ne. Ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano sun fi mu cunkoso, sun daɗe ba su san saura ba, duk da haka suna noma gona ɗaya kowace shekara tun zamanin kakanni. Wani Bature mai suna Michael Mortimore ya yi shekaru yana binciken wannan tun daga shekarun 1960. Abin da ya gani shi ne abin da kowa ke gani da rani: jakai sun shiga birni da itace, sun fito da mangalar taki. Yau ma manoman can suna sayen sharar gari mota-mota. Abin da mu muke kai wa bayan gari mu cinna masa wuta, su da kuɗi suke saye.

YADDA AKE DAFA TAKI

Wani dattijo zai ce, yara, mu za ku koya wa kai taki gona? Gaskiya ne, a wurinku muka gani. Bambancin kaɗan ne, amma yana da amfani. Takin da aka kwasa ɗanye aka jibge a gona tun watan sanyi, rana ta dake shi wata huɗu, iska ta kwashe mai laushin, ƙarfinsa da yawa ya tafi kafin ruwan shuka. Sa'an nan yana tafe da ƙwayar ciyawa da ta ƙuduji. In kuwa ya yi yawa a wuri ɗaya ruwa ya yi jinkiri, sai ya ƙone shuka. Takin da aka dafa ba ya yin haka.

Ga yadda malaman gona ke koyar da shi. A nemi inuwa kusa da ruwa. A haƙa rami wanda zurfinsa bai wuce mita ɗaya ba, ko kuwa a yi tsibi a bisa ƙasa, tun da yashinmu yana zubewa in ba a ɗaure bakin ramin da tubali ba. A shimfiɗa yankakken kara a ƙasa. A zuba ƙaiƙayi, da ɓawon gyaɗa, da ganye, da sharar tsakar gida, da sauran abin da dabbobi suka tattake. A yayyafa ruwa. A bi da kashin awaki ko na shanu ko na kaji. A barbaɗa toka kaɗan. A sake komawa kan kara, haka haka har ya cika, a rufe da tsohuwar zana ko buhuna. Ruwan kada ya yi yawa: in an damƙa a hannu ya jiƙa tafi, amma kada ya zuba. A soka sanda a tsakiya. Bayan kwana uku ko huɗu a zaro ta. In ta yi zafi, tukunya ta kama. Wannan zafi, wanda kan kai awo 60 a ma'aunin zafi, shi ke kashe yawancin ƙwayar ciyawa da ƙwayoyin cuta. Kowane kwana goma sha biyar a juya shi, na waje ya koma ciki, a ƙara ruwa. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi laushi, warinsa ya koma kamar na ƙasar da ruwan farko ya daka.

In ya nuna, ba a watsa shi. A sa cikin tafi biyu a kowane ramin shuka. In mun ƙaddara giram 200 a rami, hekta mai rami 10,000 za ta ci tan 2. Wanda bai da tan 2 ya fara da kwatar gonarsa, baɗi ya matsa gaba.

Abu huɗu ba sa shiga wannan tukunya: leda, da tsohon batir, da fasasshen gilashi, da sharar gidan likita. Batir guba ne, yana shiga ƙasa ya shiga ganye. Leda kuwa kowa ya taɓa ganin abin da mahauta ke fitarwa daga tumbin akuya. Tun watan Nuwamba na 2014 aka yi dokar hana shigo da baƙar leda da sayar da ita a ƙasar nan, amma ga ta nan tana lilo bisa ƙayoyinmu. Saboda haka tsince leda shi ne aikin farko, kuma shi ne mafi wuya.

ƁARNAR DA KE TSAKANIN GONA DA TUKUNYA

Hukumar abinci ta duniya, FAO, ta ƙiyasta a 2011 cewa kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake nomawa a duniya ba ya shiga cikin kowa. A ƙasashen masu arziki, a kanti da akushi ake zubar da shi. Shi ya sa Faransa ta yi doka a 2016 ta hana manyan kantuna lalata abincin da bai sayu ba, tun farkon 2024 kuma ta wajabta wa hukumomin garuruwa su ba jama'a hanyar ware sharar abinci. Amurka ma daga 2020 ta fara ba ƙananan hukumomi kuɗin gwamnati domin su yi taki da sharar abinci. Mu a nan tuwo ba ya zuwa juji. Wanda ya kwana ɗumame ne, ƙanzo na yara ne, ruwan tsari na akuya ne. Tamu ɓarnar tana faruwa kafin abinci ya kai tukunya: a gona, a masussuka, a rumbu, a hanyar kasuwa. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2011 cewa hatsin da ke lalacewa bayan girbi a ƙasashen Afirka na kudu da hamada ya kai dalar Amurka biliyan 4 a shekara. A taron Malabo na 2014 shugabanni sun yi alkawarin rage wannan da rabi kafin 2025.

Mu ɗauki wake. Kowa ya san dalilin da ya sa muke sayar da shi da kaka, lokacin da ya fi araha: tsoron ƙwaro. Ɗan kasuwa ya saya ya adana, lokacin shuka mu koma mu sayi iri a hannunsa da tsada. Wasu kuma su zuba maganin feshi cikin buhu, abin da ya sa Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015, mu kuwa da ƴaƴanmu muke ci. Alhali tun 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi tare da masu bincike na Afirka, har da na INRAN a Maraɗi. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane riɓi daban. Ƙwaron da ke ciki ya shanye ɗan iskan da ya rage ya mutu, ba tare da ko ɗigon magani ba. Abokan gabarsa biyu ne: ɓera, da mai buɗewa kullum yana leƙawa.

Akwai kuma jinginar da hatsi, wadda Faransanci ke kira warantaji. An fara ta a ƙasar nan wajen 1999 ƙarƙashin wani aikin FAO. Manoma su tara amfaninsu a sito ɗaya da kaka, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da ya ba da bashi. Mutum ya karɓi rance ya yi sana'ar rani, in kaya sun yi daraja ya biya ya ɗauki abinsa. Amma sai da sito mai kyau, kuma ba kowace shekara farashi ke hawa ba, wannan ma a sani.

Masu lambu a fadamun Korama su ma sun san tasu asarar. Tumatir da kabeji su nuna lokaci ɗaya, kasuwa ta cika, kwando ya kwana ya ruɓe. Kauɗa da gabu mun gāje su, amma shanya a ƙasa tana haɗa su da yashi, kuɗinsu ya faɗi. Dandamalin siminti ko ragar shanya ya isa ya gyara wannan. Wanda ya riga ya ruɓe kuwa, da ɓawon rake da ke cika kasuwa, wurinsu ramin taki.

INA KUƊIN HUKUMA SUKE?

An yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a watan Yuli na 2004. Dokar 2010 da ta tsara aikinsu ta sa tsabtar gari, da kasuwanni, da taimakon noma cikin abubuwan da suka rataya a wuyansu. Kuɗin ƙaramar hukuma ta hanya uku suke shigowa.

Hanya ta farko aljihunmu ce: lampo, da tikitin kasuwa, da na tasha da mahauta. Kuɗin nan kaɗan ne, albashi da aikin ofis kan cinye mafi yawansu. Mu faɗi gaskiya kuma, ba dukanmu ke biya ba. Wanda bai zuba ba, bakinsa ba ya da nauyi ranar rabo.

Hanya ta biyu baitulmalin ƙasa ce. A 2008 aka kafa hukumar ANFICT domin ta riƙa isar da tallafin gwamnati da na masu taimako zuwa ga ƙananan hukumomi. A zamanin shirin 3N, watau ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar, aka fito da tsarin Gidan Manomi, wurin ajiyar hatsi da taki da abincin dabbobi. A 2017 kuma aka kafa asusun FISAN, aka tsara masa ƙofa uku. Ƙofa ta biyu ta ayyukan gayya ce da ƙananan hukumomi ke nema, irin su sito da kasuwa da gyaran ƙasa, kuma ta hannun ANFICT aka shirya kuɗin su bi.

Hanya ta uku ita ce ta furoje, kamar PAC na Bankin Duniya wanda ya fara a 2003, da ProDAF na asusun FIDA wanda ya fara a 2015 a jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram. Wannan hanya ba ta da tabbas. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 wasu masu ba da taimako sun dakatar da kuɗinsu. A watan Afrilu na 2024 kuma aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi su riƙe aiki.

Ga abin da muke so kowa ya riƙe. Ko magajin gari ne a kujera ko kantoma, kuɗi ba sa bin maganar baki. Kowace ƙaramar hukuma tana da littafin tsarin ayyukanta na shekaru biyar, ana ce masa PDC, daga cikinsa ake tsamo ayyukan kowace shekara a sa su cikin kasafi. Duk mai kuɗin da ya zo, wannan littafi yake fara buɗewa. In ya ga aji da rijiya da ɗakin haihuwa, su zai yi. In bai ga taki da sito ba, ba zai ƙirƙira mana su ba. Shekara da shekaru muna cewa an manta da manoma, alhali ranar da ake rubuta littafin muna Kano ko muna gona.

DARASIN DA MUKA KOYA

Mun ga furoje iri-iri tun daga aikin 3M na shekarun 1970, wanda ya haɗa Mirya da Magarya da Matamaye. Kowa a nan ya san wani inji ko famfo da aka kawo da kiɗa da jawabi, ya yi shekara biyu ya tsaya don ƙarfe ɗaya, har yau yana nan kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Ku duba kuma gawo. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoman yankin nan suka koma barin ƴaƴan gawo a gona suna yi musu sassabe. Binciken da aka yi a 2006 ya ƙiyasta wajen hekta miliyan ɗaya da suka sake yin itace a gundumomin nan uku, har baƙi na zuwa daga ƙasashe su gani. Ba wanda ya biya mu. Ya tsaya ne domin kowa ya san itacen da ke gonarsa nasa ne.

Saboda haka kada mu roƙi babbar mota ko injin da ba mai gyaransa a Matamaye. Kada kuma mu yarda a biya mutum kuɗi don ya cika raminsa, ranar da kuɗin suka tsaya ramin zai zama makwancin akuya. Mu roƙi abin da mutum ɗaya ba ya iyawa, mu bar wa kowa abin da yake iyawa da hannunsa. Kwamiti ya kawo shawara biyar:

1. Fili a gefen kasuwa, da takardar hukuma, inda za a tara sharar kasuwa da ta mahauta a dafa taki.
2. Ruwa a wannan fili, rijiya ko reshen famfo. Rashin ruwa shi ya fi kashe irin wannan aiki a wurare da yawa.
3. Amalanke da baro da shebur da manjagara da safar hannu, waɗanda maƙeranmu za su iya gyarawa.
4. Sito mai rufin kirki da dandamalin shanya, da buhunan PICS da za a sayar a kan kuɗin sari, a juya kuɗin kowace shekara.
5. Malamin gona ya zo ya yi gonar gwaji kashi huɗu a bakin hanya: ba taki, takin gida, takin zamani, da haɗin biyun. Ido ya yi hukunci.

WA KE DA JUJI?

Akwai maganar da in ba mu warware ta yau ba, za ta raba mu gobe. Muddin shara banza ce ba mai faɗa a kanta. Ranar da ta zama kuɗi, masu ita za su yi yawa. Mata su ke shara, su ke kiwon awaki a gida, su ke fitar da toka, amma sau da yawa takin gandu yake tafiya, gamanarsu ba ta gani. Muna roƙon dattawa su yanke tun yanzu: takin gida na gida ne, mai gida ya fitar wa matan gidansa rabonsu. Na kasuwa na jama'a ne, a sayar da shi amalanke-amalanke, a biya matasan da suka tsince leda suka juya, saura ya shiga asusun gyaran kaya. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a Maraɗi tun 1991, sun nuna mana mata sun iya riƙon akwati da lissafi. A sa su cikin kwamiti, mabuɗi ɗaya ya zauna a hannunsu. Lissafi kuma a karanta shi a bainar jama'a, a buga shi cikin wannan takarda tamu.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yawancin masu ba da tallafi sukan tambayi kason jama'a kafin su saki nasu. Ƴan bida, nan ne wurinku. Kuɗin da kuke aikowa na sayen hatsi da bazara muna godiya, Allah ya ƙara buɗi. Muna roƙon kowane reshe ya ware wani abu da kaka domin wannan asusu. Wanda ba shi da kuɗi ya aiko wa gidansu buhun PICS biyu, a Kano ake yin su. Masu ilimin boko a cikinku su taimaka da rubuta takardar buƙata da Faransanci, da lissafinta a fili.

Dattawa da masu gari, ku za ku ja mu zuwa wurin hukuma, bakinku ya fi namu nauyi. Muna son wakilai su kai takardar kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa, su karɓo shaidar an karɓa, su kuma tambayi lokacin da za a sabunta littafin PDC domin mu kasance a wurin. In an ce babu kuɗi bana, su roƙi fili da izini kawai, waɗannan ba sa cin ko dala.

Mu da ke gida kuma kada mu zauna jiran amsa. Bayan girbi, tun tabki bai ƙafe ba, kowace unguwa ta yi gayya ta cika rami ɗaya. Sarkin noma ya riƙa zagawa da sandarsa yana duba zafi. Ranar da wakilanmu za su koma wurin hukuma, su tafi da buhu ɗaya na takin da muka dafa da hannunmu, su ajiye shi a gaban tebur.

Wanda ke da gyara ko ƙari ya tashi ya faɗa, magatakarda yana rubutawa. Na nesa su aiko da tasu ta hannun shugaban reshensu kafin fitowa ta gaba.  Inda muka yi kuskure a yafe mana. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya maida matafiya gida lafiya.